Hular Kawu a Shafin Farko

A shekarar farin nan, bayan sojoji sun karɓi mulki, ƙungiyar ƴan Tanut mazauna Yamai ta ɗora wa Mutari aikin tsara mata shafin intanet, don masu ci-rani a Libiya da Abijan su riƙa ganin ƙauyukan da hatsin taimako ya isa. Mutari ya so sunayen ƙauyuka su zo farko. Amma shugaban ƙungiyar, Elhaji Harisu, yayan mahaifiyarsa ne, kuma ya riga ya ce hotonsa ne zai buɗe shafin.

Abin ya hana Mutari sukuni. In ya yi shiru ya cuci masu neman labarin gida, in ya yi magana ya kunyata wanda ya rene shi. Da ya rasa bakin faɗa, sai ya kai Elhaji wani siber, shagon shiga intanet, a unguwar Bobiyel don ya ga aikin.

Koneksiyon ɗin intanet na jan ƙafa. Hoton ya fara saukowa daga sama, hula ta fito, goshi ya biyo, nan ya tsaya cak.

"Ina Gangara?" in ji Elhaji, yana nufin garinsu.

"Tana ƙarƙashin hoton, Kawu. Sai kun gama fitowa."

Elhaji ya daɗe yana kallon allon, can ya yi dariya.

"Mutum na tunanin ko uwarsa ta ci abinci, a tsayar da shi kallon hulata? Mayar da ni baya, ɗana. Sa ƙauyuka gaba."

Mutari ya jawo kujera, ya fara gyaran shafin.