Ruwan Bayan Auta

Auta 'yar ƙanena ce, marigayi, kuma ƙodar da ke jikinta ta yayanta ce, shi ya ba ta bara. Tun daga lokacin take shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, don kada jikin ya yi faɗa da baƙuwar ƙoda. Lafiya ƙalau ta koma kan keken ɗinkinta, sai ga ciwon kai. Daga nan almakashi ya fara suɓuce mata daga hannun hagu. Ran da ta kalle ni ta kira ni da sunan kishiyar kakarta, muka kwashe ta sai asibiti.

Ni da uwarta muke jinya. Amarya nake ce mata har yau, ko da yake furfurarta ta fi tawa.

Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta nuna mana hoton ƙwaƙwalwar Auta. Tabo-tabo ne kamar zobba.

"Ina zargin wata ƙwayar cuta ce da kan yi barci a jikin mutane da yawa, sai garkuwa ta yi rauni ta farka," in ji ta. "Amma ciwon daji ma kan yi wannan kama. Mun fara maganin ƙwayar, sai dai yana wahalar da ƙoda, ba na so in yi ta ɗura mata shi a kan zato. Zan ɗebi ruwa kaɗan a gadon bayanta. Na duba hoton, ba haɗari. Akwai injin da in ya sami ɓurɓushin ƙwayar, komai ƙanƙantarsa, sai ya yi ta ninka shi har a gan shi."

"Ashe ina da ɗan'uwa a asibitin nan," na ce. "Ni ma ɗan guntun zance ake ba ni, kafin la'asar ya cika unguwa."

Likita ta murmusa. Amarya ko gezau.

"Ba za a taɓa mata baya ba."

"Mama, maganin da muka fara yana goge sawun ƙwayar. In aka jima, inji ba zai ga komai ba."

"Na ce a'a."

Na san dalili. Ran da ƙanena zai rasu, an ɗebi ruwan bayansa da hantsi, azahar ba ta yi ba muka rufe masa ido. Yayan Auta yana can wurin aiki mai nisa, kuma ya ce a waya abin da uwarsu ta yanke shi ke nan.

Na fita baranda. Ni dai ba na zama wuri ban san cikinsa ba. Na riga na san nas ɗin da ke zawarci da wadda mijinta ke wanke-wanke, na kuma san labarin mai goge ƙasan ɗakinmu tun daga yaye. Na same ta tana matse tsumma, na jawo ta har bakin gado.

"'Yar nan, gaya wa amaryarmu abin da kika gaya mini."

"Haba Goggo, sirri fa na ce miki."

"To ai shi ya sa ban gaya wa maza ba."

Ta yi dariya, ta juya ta dafa ƙugunta. "Nan aka soka mini, lokacin da na yi sanƙarau. Kai ya yi ciwo kwana biyu, shi ke nan." Ta sunkuya ta ɗauki bokitinta cike da ruwa ta wuce.

Amarya ta bi ta da kallo. Can ta ce, "Yaya, nata daban. Shi fa?"

Na zauna kusa da ita. Wasa ya ƙare mini.

"Amarya, ni na goya shi kafin ki san shi. Ina riƙe da ƙafarsa a ranar, ta yi sanyi tun kafin a kawo allurar. Mun makara ne da kai shi. Kin fi samun sauƙi ki ce allura ce, ni ma ban hana ki ba. Amma Auta ƙafarta da ɗumi. Taɓa ki ji."

Ta sa hannu ƙarƙashin bargo. Ta daɗe a haka.

"Kira likitar," ta ce.

Amarya da kanta ta riƙe Auta a naɗe, gwiwa a ƙirji. Ruwan ya ɗiga a 'yar kwalba, garai-garai kamar hawaye. Ban ce uffan ba, abin da nas-nas suka yi ta mamaki.

Da sakamako ya fito, ƙwayar ce. Aka ci gaba da maganin, ana auna ƙodar kullum ana ɗura wa Auta ruwa. Hankalinta ya dawo a hankali. Hannun ne bai dawo duka ba, likita ta ce wataƙila iyakarsa ke nan.

Yanzu Auta na taka keke, uwarta na zaune gefenta tana yanka mata yadi. Sunan ƙanena kuwa, da ba a ambata a gidan sai da allura, jiya na ji Amarya tana ba jikokinta labarin yadda yake tsoron kyankyaso.