Alawar Maƙogwaro

Mijina kira ne sana'arsa. A tashar mota yake aiki, shi ne mai tsayawa bakin ƙofa yana kiran inda kowace mota za ta, fasinja su biyo muryarsa da jakunkunansu. Tun kafin mu yi aure abokan aikinsa ke ce masa Lasifika, har mahaifiyarsa, Inna, da muke zaune tare da ita, in ta yi nishaɗi haka take kiransa. Ni ɗinki nake yi a ɗakin gaba, kuma ko keke na tsakar ƙara, ina jiyo gaisuwarsa da mutane tun daga kwanar layinmu.

Abin ya fara ne kamar mura. Wata safiya ya tashi yana cewa haɗiyar yawu na yi masa zafi, kamar ya haɗiye ƙaya. Na dafa masa ruwa ya kuskure maƙogwaro da gishiri, ya fita. Da ya dawo sai ga shi da ɗan kwali a aljihu, alawar maƙogwaro ce, irin wadda ake tsotsa. Ya ce mai kemis na bakin titi ne ya ba shi, ya kuma yi masa dogon bayani: kada ya tauna, kada ya haɗiye ta gaba ɗaya, ya bar ta ta narke a hankali, ya riƙa ba da tazara tsakanin ɗaya da ɗaya, kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin kwalin. In kuma 'yan kwanaki suka wuce bai ji sauƙi ba, ya tafi asibiti. Yana ba ni labarin yana kwaikwayon yadda mai kemis ke ɗaga yatsa, muna dariya.

Auta, ƙaramar 'yarmu, ta ga takarda mai ƙyalli ta miƙo hannu. Ya hana ta, ya ce mai kemis ya yi gargaɗi wannan ba ta yara ba ce, za ta iya maƙale mata. Ya ɗora kwalin can saman kwaba inda ko ta taka kujera ba za ta kai ba. A duk dokokin da aka gindaya masa, wannan kaɗai ya riƙe har ƙarshe.

Da farko alawar ta yi masa aiki. Ya ce in ya jefa ɗaya a baki sai wuyan ya yi sanyi, zafin ya kwanta, ya iya kiran fasinja har rana ta yi. Murar ta tafi, amma muryar ba ta dawo daidai ba. Ta dishe, ta yi wani kauri, in ya ɗaga ta sai ta tsage a tsakiya. Kwali ya ƙare ya sayo wani. Na fara tsintar takardun alawar a aljihun wandonsa in zan yi wanki, a ƙarƙashin matashi, a bakin taga. Numfashinsa kullum ƙamshin na'a-na'a.

Na yi masa magana. Na ce ai kwanakin da mai kemis ya faɗa sun wuce tuni. Ya ce sanyi ne da ƙura, kowa a tashar haka yake fama. Na sake yi masa bayan wani lokaci, ya ce asibiti wuni guda ake yi a layi, kuma duk ranar da bai tsaya a ƙofar nan ba akwai wanda zai tsaya, samari ne cike da wurin masu sabon maƙogwaro. Wannan ban iya musa masa ba, don na san gaskiya ce.

Rannan na biya kemis sayen maganin ciwon ƙafa na Inna. Mai kemis ya tambaye ni jikin maigida. Na ce da sauƙi, kamar yadda ake faɗa. Ya dube ni ya ce shi fa ya daina sayar masa da alawar, ya gaya masa wannan ya wuce aikin tsotso, likita ya kamata ya duba. Ya zaci ya je asibitin. A nan na gane cewa wani kemis ɗin ya koma saye, can kusa da tasha, inda ba wanda ya san shi balle ya yi masa tambaya.

Na dawo gida na gaya wa Inna. Da yamma ta zaunar da shi, ta yi masa faɗa, ta yi lallashi, ta tuna masa yadda ta yi jinyarsa yana yaro. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Inna, zai je. Da safe ya ɗauki hularsa ya nufi tasha. Inna ta bi bayansa da kallo ta ce mini, ɗa in ya yi gemu, sai dai ka yi masa addu'a.

Daga nan sai cin abinci ya zama aiki. Nama ya daina ci, burodi sai ya jiƙa shi a shayi ya yi laushi. Wata rana ya kurɓi shayi mai zafi bayan ya gama tsotson alawar, bakin ya yi kamar ya mutu bai ji zafin ba, sai da harshensa ya saluɓe. Ya ce kunnensa na dama ma yana masa ciwo. Wandunansa suka yi masa yawa, na rage masu ƙugu da hannuna, ina ɗinki ina kallon yawan yadin da nake naɗewa ciki. Na rasa wa zan kai wa ƙara. Na kira yayansa a waya, ya ce zai yi masa magana, ya yi, aka ce masa to. Na ɓoye kwalin, ya sayo wani. Na yi fushi na daina yi masa magana, sai gidan ya yi tsit, don shi ma ya fara tattalin maganarsa, yana ajiye ɗan abin da ya rage na muryar saboda tasha.

Wata rana da hantsi ina yanka yadi sai na ji sallama. Dogo ne, abokin aikin mijina, ya riƙo hannunsa kamar mai jan makaho, alhali idonsa garau. Dogo ya ce suna tsaka da lodi, mota ta kusa cika, mijina ya buɗe baki zai kira sai iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa, ya yi tari, suka ga jini a hankicinsa. Mijina na tsaye bai dubi kowa ba, alawa na cikin kumatunsa.

"Baban yara," na ce, "tofar da ita mu tafi."

Ya tofar a hannunsa, ya rasa inda zai jefa, ya tsaya riƙe da ita har na miƙo masa takarda.

A asibiti muka zauna kan dogon benci a gaban wata ƙofa mai shuɗin fenti. Likitan farko ya leƙa da tocila ya tura mu wurin likitar maƙogwaro. Mace ce mai sanyin magana. Ta tambaya tun yaushe muryar ta dishe. Ya nuna mata da hannu alamar kwanan nan ne. Ni na faɗa mata gaskiya, na ce watanni ne, na fito da kwalin daga jakata na ajiye a tebur. Ta juya shi ta karanta bayansa. Ta tambaya ko yana shan taba, na ce ya sha da ƙuruciya, ya daɗe da bari. Ta fesa masa wani abu a hanci, ta zura siririyar roba mai fitila a kai, tana kallon allo. Ni ma ina kallo, amma ban san me nake gani ba, ja ne da fari kawai, yana motsi duk sanda ya yi numfashi.

Ta ce akwai wani tsiro a inda murya ke fita, sai an ɗebi kaɗan an auna kafin ta faɗi ko mene ne. Na tambaye ta ko alawar ce ta jawo. Ta girgiza kai.

"Ba ita ta kawo shi ba. Magani ce mai kyau ga ɗan kumburin baki da maƙogwaro na 'yan kwanaki. Amma shi jikinsa na ta kiran a zo a duba, ita kuma tana rufe masa baki."

Na so in tambaya da mun zo da wuri fa, sai na ga yadda yake murza hularsa a cinya, na haɗiye tambayar.

Jiran sakamakon ya fi komai wuya. Ba abin da za a dafa, ba abin da za a shafa. Ina zama gaban keke in kasa taka shi. Inna ta koma yawan share tsakar gidan da ba datti. Shi kuwa yana zaune bakin gado yana kallon bango, in yana son abu ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon da zobensa. Babban ɗanmu ya tambaye ni ko Baba fushi yake da su, na ce a'a, wuyansa ne ke hutawa.

Sakamakon ya fito, irin wanda ake tsoro ne, ciwon daji. Likitar ta ce za a yi aiki a cire, daga baya a riƙa gasa wurin da na'ura. Ta ce tana da kyakkyawan zato game da ransa, amma muryar ba za ta yi mana alkawari ba. Ya ɗauki biro a teburinta ya rubuta a bayan katinsa ya tura mata. Na leƙa, ya rubuta: zan koma aiki? Ta karanta rubutun, sannan ta ce ba irin wancan aikin ba.

An yi aikin, an yi gashin, ya sha wuya. Wuyansa ya yi baƙi kamar an ƙona, ya rame har sai da maƙwabciyarmu ta wuce shi a ƙofa ba ta gane shi ba. A hankali ya fara cin abinci mai ruwa-ruwa, ya fara takawa zuwa bakin layi. Muryar da ta dawo wata 'yar raɗa ce mai kaushi, sai ka matso da kunne kafin ka ji. Har yanzu muna komawa asibiti a duba shi, kuma duk zuwa likitar ba ta cewa ciwon ya tafi ke nan, sai dai ta ce yau ba ta ga komai ba.

Dogo ya yi masa ƙoƙari wurin shugaban tasha, aka ba shi kujera a ɗakin ajiyar kaya, yana liƙa lamba a jikin buhuna da akwatuna. Tagar ɗakin na kallon ƙofar da ya saba tsayawa. Wani saurayi ne a wurin yanzu. Na tambayi mijina ko yaron ya iya, ya ɗaga kafaɗa, ya matso kusa da kunnena ya ce yana cinye ƙarshen kalma.

Shekaranjiya da safe Auta ta fita makaranta da yayanta, ta manta gorar ruwanta a kan tabarma. Ina banɗaki ina wanke wa Inna ƙafa. Na jiyo fitar mijina da sauri, na leƙo ta taga. Yana tsaye a ƙofar gida da gorar a hannu, yaran sun yi nisa amma ana hango su, nisan da a da ko gyaran murya ya yi za su waiwayo. Ya buɗe baki, wuyansa ya motsa. Ya ajiye gorar ya tafa hannu, babur ya wuce ya cinye ƙarar. Suka sha kwana.

Hannuna duk sabulu, Inna na riƙe da kafaɗata kada ta zame. Ya sunkuya ya ɗauki gorar, ya gyara silifas ɗinsa, ya bi su a ƙafa.