Garwar Jamusawa

A ƙarƙashin gadon Baba Ashafa, a gidansa na unguwar Al-Sih da ke Madina, akwai abubuwa biyu: likkafaninsa, da wata garwa da ba tasa ba. Likkafanin bara ya saye shi, bayan likita ya saurari ƙirjinsa ya yi shiru irin na likitoci. Garwar kuwa ta girmi aurensa. Ƙarama ce, ta ƙarfe, mai faffaɗan baki da murfi da mariƙi, a gindinta akwai rubutun Jamusanci da ba wanda ya taɓa karantawa a gidan.

Hausawan unguwar duk sun san labarinta, wasu ma sun gaji da saninsa. Lokacin yaƙin duniya na biyu Ashafa saurayi ne da ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano, ya sauka Ikko, ya sami aikin zuba kwal a injin wani jirgin dakon kaya na Ingila. A 1944, a tekun da ke kusa da Adan, da rana tsaka, wani abu ya daki cikin jirgin ya raba shi biyu. Waɗanda suka tsira suka cunkusu cikin kwale-kwale ɗaya. Can sai ruwa ya tsage, jirgin Jamusawan da ya harbe su ya fito daga ƙarƙashi, dogo, ruwan toka, da igwa a bayansa. Irin jiragen nutso masu dogon zango ne, waɗanda ke tasowa tun daga Turai su zagayo Afirka kaf ta kudu, wata da watanni, don su nutsar da auduga da ɗan Kano.

Mutanen da suka leƙo daga saman jirgin duk sun tara gemu, sun rame, suna wari. Babbansu ya tambayi sunan jirgi da abin da ya ɗauko, ya nuna musu inda tudu yake da hannu. Wani matashi ya zuro garwar ruwa da igiya. Ashafa ne a kusa, shi ya kama. Daga nan jirgin ya juya ya tafi, bai tsaya jiran garwarsa ba.

Ruwan garwar ya ishe su har suka kai tudu. Daga Adan Ashafa ya bi alhazai zuwa Makka, daga Makka ya zo Madina, ya kafa tukubar tsire, ya auri Ƙaltume, 'yar Takari haifaffiyar garin. Duk inda ya bi, garwar na hannunsa. Mahaifiyarsa ta raine shi a kan cewa in maƙwabci ya aiko da abinci, kwanon nasa ne, ba ya kwana, kuma ba a mayar da shi wayam, ko 'yar gyaɗa ce a zuba. Ya tambayi malamai. Wani ya ce kyauta ce. Wani ya ce ganima ce. Ashafa ya gode musu, ya koma gida bai gamsu ba, don a ganinsa babu ɗayansu da ya kai Inna sanin hukuncin kwano.

Jamus tana da nisa, Jamusawa kuma ba sa zuwa ziyarar Manzo. Haka maganar ta zauna har shekarar 1981, lokacin da ɗansa Lurwanu ya sami aikin tuƙi a wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa daga bakin teku zuwa Madina. Injiniyan da yake tuƙawa Bajamushe ne, sunansa Dita. Yana zaune a sansanin ma'aikata can bayan iyakar harami, inda aka yarda wanda ba Musulmi ba ya tsaya.

Baba Ashafa ya jawo garwar ya wanke ta da toka.

"Mutanen da suka nutsar da kai?" in ji Ƙaltume. "Su za ka aika wa dabino?"

"Nutsarwa daban, kwano daban."

"To ai sai ka haɗa musu da tsire, tunda sun yi ƙoƙari."

Ya cika garwar da dabinon ajwa mai kyau, ba irin wadda ake sayar wa alhazai masu gaggawa ba. Ya kira Lurwanu, wanda yake jin Hausa sarai amma yake amsawa da Larabci, sai in an matsa masa.

"Ka kai wa Bajamushenka. Ka ce ga garwarsu, an gode."

"Ɗayyib, ya abuya."

Washegari Lurwanu ya dawo da garwar a hannu, yana murmushi irin na wanda ya fita kunya. A cikinta akwai biskit da gahawa.

"Mene ne wannan?"

"Muhandis, injiniyan nan, ya ji daɗi, wallah. Ya tambaye ni ya al'adarmu take, na ce kwano ba ya kwana, kuma ba a mayar da shi fadi, wato wayam. Haka Ummi ta koya mini."

Baba Ashafa ya dubi matarsa. Ita kuwa ta riga ta buɗe biskit ɗin.

"Ka gaya masa garwar tasu ce?"

"Na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce e, ya ga rubutun, ƙirar Jamus ce, shi ya sa ba ta lalace ba."

Karo na biyu aka zuba dambun nama, aka kuma ja wa Lurwanu kunne ya yi bayani. Lurwanu ya yi bayani da Turancinsa na direba, wanda ya ƙware a hagu da dama da tsaya nan. Garwar ta dawo da cakulan. Ƙaltume ta fara tunanin ko a gwada alkaki a gani me zai haifar. Mata biyu na maƙwabta, Safiyatu da Zenabu, suka soma leƙowa ranar da suka san Lurwanu zai dawo. A taƙaice, abin da Baba Ashafa ya yi shekara da shekaru yana neman rabuwa da shi ya zama hanyar ciniki tsakanin Al-Sih da Jamus, kuma kowa na cin riba sai shi.

Ya daina cin abincin kirki. In ya sunkuya ɗauko takalmi sai ya ga likkafanin da garwar zaune gefe da gefe.

"Malam, ka aika ta wayam mana," in ji Ƙaltume, ganin abin ya fara taɓa shi da gaske. "In ya ga ba komai a ciki, zai gane ita ce saƙon."

"Wayam? Bayan shekarun nan? In haɗu da Inna in ce mata me?"

"Ka ce mata Bature ne, bai sani ba."

"Ni ai na sani."

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya sa Lurwanu ya aro motar kamfani. Ya cika garwar da ajwa kamar farko, ya sa farar riga, ya zauna a gaba ya rungume ta. Suka bi ta Aƙiƙ, suka hau hanyar Yanbu, suka wuce alamar iyakar harami. Sansanin wasu ɗakunan katako ne a jere cikin duwatsu, kowane da na'urar sanyaya ɗaki tana kuka a bayansa.

Dita ya fito da gajeren wando, mutum mai jan wuya, bai kai arba'in ba. Da ya ga garwar ya faɗaɗa murmushi ya juya zai koma ciki, da alama neman abin zubawa. Baba Ashafa ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Suka zauna a kan benci a inuwar ɗakin.

Tsohon bai bi ta kan ɗansa ba. Ya kwaso Turancin jirgin ruwa da ya ajiye tun kafin a haifi su biyun, ya karkaɗe shi, ya cike giɓin da hannu. Ya nuna jirgi, ya nuna fashewa, ya nuna abin da ya fito daga ruwa. Ya nuna igiya tana saukowa.

Dita ya daina murmushi. Ya ɗauki garwar ya juya gindinta, wannan karon ya karanta rubutun a hankali.

"Yana cewa na sojan ruwa ne," in ji Lurwanu, da Hausa, abin da ya sa uban ya waiwayo ya dube shi. "Ya ce in har sun kai Adan, to samfuri na tara ne, su ne masu tafiya mai nisa. Mutum hamsin da wani abu a ciki. Ya ce ruwan sha aunawa ake yi, ba sa ko wanka."

"Na ji warinsu," in ji Baba Ashafa. "Tambaye shi ina zan sami mai ita."

Bajamushen ya ajiye garwar a kan benci. Ya ce yawancin waɗanda suka shiga jiragen nan ba su koma gida ba. Ya ce ƙanin mahaifiyarsa ma ya shiga ɗaya, yana ɗan shekara goma sha tara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba su san wace teku ba. Ya ƙara da cewa kada tsohon ya ɗauka shi ne na igiyar, jiragen suna da yawa.

Baba Ashafa bai ɗauka ba. Ya shekara a kasuwa, ya san ba a samun sa'a mai arha haka.

"Mahaifiyar Bajamushen naka tana da rai?"

"Tana nan, a wani gari can arewacinsu."

"To ya kai mata. Ba na ce ƙaninta ba ne. Amma wani yaro ne nasu, ita kuma yayar wani yaro ce nasu. Dabinon nata ne, garwar tasu ce. Ka gaya masa da kyau, Lurwanu. In ta sake dawowa gidana, kai da ita za ku kwana a waje."

Lurwanu ya gaya masa da kyau. Dita ya ɗora garwar a cinyarsa ya riƙe mariƙin, ya ce zai tafi hutu ƙarshen shekara, zai kai mata da hannunsa. Ya tambaya ko akwai abin da tsohon yake so a gaya mata.

"Ka ce ruwan ya isa."

Rana ta ci inuwar har ta kai musu gwiwa. Baba Ashafa ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe, ya ji hannunsa na dama wani iri, kamar ya manta wani abu. Ya duba, ya ga ba komai ya manta ba.

Dita ya lura da gumin da ke tsiyaya a goshin tsohon. Ya ce a jira shi, ya shiga ɗaki da sauri, ya fito da wani fulas mai sheƙi cike da ruwan sanyi. Ya miƙa da hannu biyu, kamar yadda ya ga ana yi a ƙasar.

"Ya ce ka tafi da shi, saboda hanya," in ji Lurwanu. "Ya ce kyauta ce, ƙirar Jamus."

Baba Ashafa ya dubi fulas ɗin, ya mayar da hannayensa baya.

"Ce masa ya buɗe."

Dita ya buɗe. Tsohon ya tsuguna a hankali, ya haɗa tafukansa biyu, ya ce a zuba. Ya yi bisimilla ya sha, aka ƙara, ya sha, ya shafa sauran a fuska. Ya yi wa Bajamushen godiya sosai, har da addu'ar Allah ya kai shi gida lafiya. Sannan ya yarfe hannunsa ya shiga mota.

Da suka iso Al-Sih, Ƙaltume na tsakar gida tare da Safiyatu da Zenabu, sun ɗora shayi. Su ukun suka dubi hannun Lurwanu, suka dubi na uban.

"Ba komai?" in ji Ƙaltume.

"Ba komai," in ji Baba Ashafa. "Akwai sauran tuwo?"