Zaren Bahaguwa

Tsuntsun cikwa ya yi kuka sau biyu a bayan kwalekwalenmu ranar da muka kama hanyar kotun garin Pucallpa. Kowa a ƙauyenmu ya san kukansa ba ya zuwa da alheri. Na ce wa 'yata Marbeli mu juya.

"Baba, in tsuntsu ne jagoranka, sauka ya kai ka gida," in ji ta.

Mijinta Teobaldo yana cikin masu gadin dajinmu, masu korar ɓarayin katako. Bara aka tsinci gawarsa a bakin rafi, an harbe shi ta baya, jakar da ta saƙa masa kuma babu ita. Bayan wata bakwai 'yan sanda suka kama wani mai yankan katako, Nicanor, da jakar a kafaɗarsa. Ba wanda ya ga harbin. In jakar ba ta kama shi ba, sakinsa za a yi, ga shi ya riga ya ga fuskar 'yata.

A kotu, lauyan Nicanor ya ɗaga jakar da yatsa biyu, ya dubi Marbeli. "Baiwar Allah, irin wannan tana nan tuli a kasuwa. Kin rubuta sunanki a jiki ne?"

Tafinta ya faɗa mata da harshenmu.

"Ban iya rubutu ba."

"Zanen da ke jikin jakar fa, naki ne ke kaɗai?"

"Na kowa ne."

Nicanor har da murmushi.

Sai ta kwance ƙullin da ke cinyarta, ta fito da mazari da auduga da 'yar ƙwarya. "Ranka ya daɗe," ta ce wa alƙali, "ka ce wa mai bakin nan ya matso. Bakinsa ya yi aiki, saura idonsa."

Ta zauna a ƙasa ta fara kaɗi da hannun hagu. Wannan hannun ne ni da mahaifiyarta muka sha bugewa tana ƙarama, don kada a yi mana dariya. Ba ka jin komai a ɗakin sai juyin mazari a cikin ƙwarya. Ban taɓa ganin manya masu takalma sun miƙe tsaye don kallon mace tana kaɗi ba sai ran nan.

Alƙali ya aika kasuwa aka kawo jaka shida. Aka zaro zare daga kowace, aka duba da gilashi. Duk shidan murɗinsu ya bi gefe ɗaya. Zaren jakar Teobaldo ya bi ɗaya gefen, daidai da wanda ta kaɗa a gabansu. Aka tambayi dattawanmu, suka rantse ita kaɗai ce bahaguwar da ke kaɗi a duk ƙauyukan koginmu.

Shekara ashirin da biyar aka yanke wa Nicanor. Bai ambaci sunan kowa ba.

A ƙofar kotu wani mai farar riga ya cire hularsa. "Tsoho, 'yarka akwai hannu. Ku ne masu gidan nan na kwanar kogi, ko?"

Kafin in buɗe baki ya shige cikin mutane.

Tun ranar tsoro ya hana mu komawa ƙauye. Yanzu muna zaune wajen ƙanwata a gari, gonar rogonmu ta koma ciyawa. Har yau ba mu san wanda ya aiki Nicanor ba, ba mu kuma san ko wane ne mai farar rigar nan ba.