Akwatin Batir na Bakin Ƙofa

Zahara'u tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta riƙe babban yatsanta tana zagin akwatin batir, aka yi sallama a ƙofar gida. Wannan zagin na kullum ne. Tun ranar da mijinta Ɗan Azumi ya girke akwatin daidai bakin ƙofar shagon da ke cikin gidansu, farcenta bai ƙara fitowa lafiya ba.

"Bari Baban Kulu ya dawo," ta ce. "Yau ko ni ko akwatin nan."

Mai sallamar direban Jibiya ne. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Motarsu ta kife a hanya, kuma Baban Kulu yana cikin waɗanda ba su tashi ba. Ruwan batir ya je saye. Galan ɗin ya iso gida, ko ɗigo bai zube ba.

Akwatin yana cikin kayan wutar hasken rana da ya saya daga wani poroje, aikin taimako na Turawa, lokacin da Turawan ke tattara nasu ya-nasu. Unguwarsu ta bakin tafkin Madarumfa wutar gwamnati ba ta kai ba, saboda haka firigonsu, wato firij, shi kaɗai ke yin ƙanƙara a wajen. Da ita Zahara'u take sanyaya lamurje da zoɓo, da ita ake cin tuwo a gidan. Pano, faifayen da ke kama hasken rana, suna saman rufi, batir a akwati, a bango kuma akwai regilater guda biyu, ɗaya dama da ƙofa ɗaya hagu. Su ke tsayar da caji idan batir ya cika. Kowace tana da gilashi da allura mai nuna ƙarfin wuta, kuma kullum bakinsu ɗaya, shi ya sa marigayin yake kiransu Hasana da Husaina. Duk sanda Zahara'u ta ce a matsar da akwatin, sai ya yi dariya ya ce, "Uwar tagwaye ce, a tsakiyarsu za ta zauna." Ita kuwa ta ɗauka taurin kai ne kawai irin nasa.

Aka yi zaman makoki, ta shiga takaba, sanyi ya zo ya wuce. Sai da ta fita, zafi ya kankama, azumi ya matso, sannan ta lura ƙanƙara ba ta kamawa. Ruwa zai kwana a firigo ya tashi da ɗan sanyi irin na randa. Ta duba bango, ta tarar tagwaye sun raba gari. Da rana tsaka Husaina takan kai allurarta kan sha huɗu, ta kunna koren ido, ta ce batir ya cika, ta daina aiki. Hasana kuma tana kan sha biyu da ɗan abu, tana ta fama ita kaɗai.

Ashiru, ƙanin mijinta, ɗan kasuwa ne mai son ya ga abu ya kammala. Ya zauna a kan buhunan geron da aka jera a shagon ya ce, "Matar yaya, kayan marayu ne. Na sami mai saye a Jibiya. Gara a sayar tun suna numfashi."

"Kai da ba ka san gaban batir da bayansa ba, yaushe ka zama likitansu?"

"Ni dai na faɗa. In aka ga wata babu ƙanƙara, zan kawo mota."

Ba mugunta ba ce, ta sani. Amma ta san idan pano suka sauka daga rufin nan, sana'arta ta sauka ke nan. Sai ta aika Maraɗi a kira Sama'ila, wanda suka koyi aikin tare da marigayin a poroje.

Sama'ila ya iso a kan motonsa mai taya biyu da sassafe, rana ba ta hau rufi ba. Bayan ya yi mata gaisuwa sun yi wa mamaci addu'a, ya shiga shago. Allurai biyu suna wuri ɗaya, kamar an auna da zare.

Ashiru ya tuntsire da dariya. "Ka gani? Sun ga baƙo sun shirya. Halin matan gidan nan ke nan."

"Ka jira rana ta yi," in ji Zahara'u.

Suka jira. Ta dama musu fura, Ashiru ya sha rabonsa ya taya baƙo shan nasa. Da rana ta take tsaka, Husaina ta fara hawa, ta bar 'yar'uwarta a baya, ta kunna koren ido.

"Madalla," Sama'ila ya ce, har da murmushi. "Da safe babu wuta mai gudu, sun yarda da juna. Da wuta ta fara gudu sun saɓa. Wannan ma magana ce."

Ya fito da ma'auninsa mai igiya ja da baƙa. Ya ɗora a kan batir, sha biyu da ɗan abu. Ya ɗora a bakin Hasana, haka. Ya jira Husaina ta koma caji ya ɗora a bakinta, sai ga sha huɗu.

"To, a jefar da maƙaryaciyar," Ashiru ya ce.

"Ba ƙarya take yi ba, Alhaji. Abin da ke bakinta take faɗa. Tana tura wuta, wani abu a hanya yana riƙewa, sai ta zaci batir ne ya ƙoshi." Ya goge kawunan batir, ya ɗaure kusoshi, ya sake aunawa. Babu canji. Ya duba wayar da ta fito daga Husaina, mai kauri ce, ta shige bayan buhuna. Ya duba inda ta ɓullo kusa da batir, mai kauri ce. Ya sosa ƙeya. "Tun bayan rasuwar, an taɓa wani abu a ɗakin nan?"

"Ko kusa," in ji Ashiru. "Ni na riƙe makulli lokacin makoki. Babu wanda ya taɓa inji ko ɗaya."

Zahara'u tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai tana tunani. Watannin takaba duk a ɗakinta ta yi su, 'yarta Kulu ce ke shiga shago. Da ta dawo shiga kuwa, bango kawai take kallo. Idonta ya faɗa kan ƙafarta. Farcen babban yatsa ya fito cif, sumul, har da lalle a kansa.

"Sama'ila," ta ce, "rabona da tuntuɓe tun ranar da aka kawo labari."

"Na'am?"

"Akwatin nan da can ba a wannan lungun yake ba. Nan yake, inda nake tsaye."

Suka juya suka kalli Ashiru.

"Wannan ai ba taɓawa ba ce, gyara ne!" ya ce. "Masu gaisuwa sun cika gida, limamin garin Gabi ya kusa faɗuwa a kansa. Kuma ke ba kullum kuka kike da shi ba? Na ce bari in hutar da baiwar Allah."

"Wayar Husaina ta kai lungun?" Sama'ila ya tambaya.

"Ba ta kai ba, na ƙara mata. A tsakiya ma na ƙara, don kada a ga muni."

Suka janye buhunan gero. Ga aikin Ashiru kwance a gindin bango, siririyar wayar rediyo mai tsawon gaba uku, an naɗe mahaɗinta da tsumman atamfa tsaf-tsaf. Sama'ila ya taɓa, ya kira Zahara'u ita ma ta taɓa. Da ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

"Ga inda ƙanƙararki take tafiya, Hajiya."

Dariya ta kama ta har ta dafa bango, Ashiru yana rantsuwa cewa wayar sabuwa ce, ba kunce ba. Tana cikin dariyar ta tuna da uwar tagwaye, sai ta ja mayafi ta goge ido. Mazan suka yi kamar suna duba rufi.

Sama'ila ya ce hanya biyu ce. Ko a nemo doguwar waya mai kauri a Maraɗi akwatin ya zauna a lungu, ko a mayar da shi tsakiya a haɗa tsohuwar wayar yadda take.

"Ni zan sayo wayar," Ashiru ya ce da sauri. "Ni na ɓata. A bar mata ƙafarta ta huta."

Zahara'u ta dubi bakin ƙofa. Har yanzu ana ganin sawun akwatin a daɓe, kusurwa huɗu.

"Ku mayar da shi," ta ce.

Suka ɗauka su biyu, Ashiru yana nishi yana cewa bayansa na kasuwa ne ba na dako ba. Kafin la'asar Husaina ta sauko, Hasana ta hau, suka haɗu. Ranar da aka kai azumin farko, layin masu kwano ya kai bakin titi, Ashiru na gaba da nasa kwanon, wai shi ne ya gano matsalar tunda shi ya san inda wayar take. Maganar mota ba ta sake tashi ba.

Yanzu Zahara'u ta san wurin akwatin ko ido rufe, ba ta tuntuɓe. Amma kowace safiya idan ta zo buɗe firigo, takan duba tagwaye tukuna, sannan ta kai babban yatsanta ta ɗan taɓa gefen akwatin a hankali.

"Baban Kulu," takan ce, "ka dai ga inda ka ajiye kayanka."