Sabuwar Giya a Tsohuwar Bolbo

Ran da Malam Ashafa ya gogi ɗan adaidaita sahu a kwanar Ja'en, ko kaɗan bai gan shi ba. Ƙarar ƙarfe kawai ya ji ta hannun dama, sai ga mai keken ya sauko yana huci. Babu wanda ya ji ciwo, mutane suka shiga tsakani aka sasanta a bakin titi. Da ya koma gida Zawaciki ya shigar da motar, ya kashe ta, ya daɗe a zaune ciki bai fito ba.

Da ma likitan ido ya gaya masa. Hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe-gefe. Magani zai rage masa sauri, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ashafa shi ke gyaran injina a wani kamfanin roba a Sharada, masu yin bokiti da kujeru, kuma hannunsa ya san aikin ko da ido ya gaza. Titi ne ba ya jiran hannu.

Motar Bolbo ce fara, tsohon yayi, mai kusurwa kamar akwati. Ya saye ta hannun wani injiniya ɗan Indiya lokacin da masaƙar da suke aiki tare a Bompai ta rufe, kuma tun daga nan babu makanikin da ya taɓa ɗora mata sifana sai shi.

Matarsa Zuwaira tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a ɗakin da ke kusa da zaure. Ta ga ya kwana biyu yana bin motar ma'aikata, sai ta tambaye shi wata rana suna cin tuwo.

"Malam, sayar da ita za ka yi?"

"Wa zai saya? 'Yan gwangwan ne kaɗai za su taya, su yanka ta gunduwa-gunduwa." Ya ɗago ya dube ta. "Ke za ki riƙa tuƙa mu."

Ta ajiye cokalin miya tana dariya. "Ka manta yadda muka ƙare a filin Panshekara? Motar na mutuwa, kai kana faɗa, ni ƙafata ta hagu ta kwana biyu tana ciwo."

"Kulocin ne ya hana ki. Yana da nauyi, ni ma na sani. Cire shi zan yi gaba ɗaya, in sa mata giya otomatik. Ƙafa ɗaya kawai, kamar keken ɗinkinki."

"Faɗan fa? Shi ma za ka cire shi?"

"Shi ma zan gwada."

Ya yi ta zirga-zirga a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin ya samu abin da yake nema: giyabos na wata Bolbo da ta fi tasa ƙuruciya, wadda ta yi hatsari ta baya. Giya huɗu ce, ta huɗun ita ce masu sayarwa ke kira obadirayib, wadda in mota ta miƙe kan doguwar hanya sai ta shiga, inji ya sarara, mai ya ragu. A-kori-kura ta kawo ta har ƙofar gida, tare da sandar giya, da fedar birki mai faɗi, da bututun mai, da wani ƙarfe mai kama da ƙatuwar ƙwarya da ake kira kwanbata, wanda shi ke maye gurbin kuloci.

Abokinsa Usaini ya zo taya shi. Mutumin Tasawa ne ta Nijar, yana aikin sassaƙar ƙarfe a wani wurin aiki a Bompai, kuma sun san juna tun zamanin masaƙa. Ranar Lahadi suka ɗaga motar a gindin darbejiyar tsakar gida, suka ɗora ta kan gumagumai, suka girgiza ta da ƙarfi don su tabbatar ba za ta zamo ba. Suka sauke salansa, suka sauke furofela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, suka zare tsohuwar giya. Usaini ya ɗaga farantin kulocin sama yana jujjuya shi.

"Wannan ko sabo bai fi shi ba. Aboki, ba ka jin zafin cire shi?"

"Ina ji," Ashafa ya ce. "Miƙo min sifana."

Lahadin da ta biyo baya suka ɗora sabuwar giya a kan jak, suka tura ta har ta haɗu da inji, suka ɗaure ta. Furofela kuwa ta ƙi shiga, ta yi tsawo. Usaini ya auna, ya tafi da ita Bompai zai rage ta. Kafin ya gama aka kira shi daga gida, mahaifiyarsa ba lafiya, ya kama hanyar Tasawa.

Ashafa ya ce zai ci gaba shi kaɗai. Abin da ya rage a ƙasan ba nauyi gare shi ba: notuna ne 'yan ƙanana da ke haɗa kwanbata da farantin inji, ana sa su ta wata 'yar kafa, a juya inji, a sa na gaba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila a baki. Can ƙasa duhu ne, kuma duhu shi ne abin da idonsa ya fi ƙi. In ya haska, hasken ya dawo masa ya kashe masa ido. In ya kashe, ba ya ganin komai. Ya laluba ya sa na farko. Na biyun ya suɓuce daga yatsunsa, ya ji ƙararsa ya faɗa cikin ƙoƙon giyar.

Ya san abin da hakan ke nufi. In aka tayar da inji da noti a ciki, zai yi ɓarna. Sai dai a sake sauke giyar, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Ya fito a hankali, ya wanke hannu, ya ja tamfol ya rufe motar. Bai ce wa kowa komai ba. Ganyen darbejiya suka fara taruwa a kan tamfol ɗin, kaji suka mayar da ƙarƙashin motar wurin shan inuwa.

Zuwaira ta ƙyale shi har sai da ta gama ɗinkin da ke gabanta. Wata Asabar da hantsi ta fito sanye da tsohuwar rigar aikinsa, ta naɗe hannuwan, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. A hannunta akwai ɗan maganaɗisun da take tsince allurai da shi.

"Usaini ya kira wayarka kana masallaci, na ɗauka. Ya ce jikin Inna da sauƙi. Ya tambayi notunan, na ce ban sani ba. Me ya faru?"

Ya gaya mata.

"To ɗaura min wannan a bakin waya. Ka gaya min inda zan zura."

"Zuwaira, ƙasan nan datti ne."

"Na share shi ɗazu."

Ya tanƙwara waya ya ɗaure maganaɗisun. Ta yi bisimilla ta shige, shi ya tsuguna a gefen taya yana kwatanta mata. Ta daɗe tana lalube, ta fito da ɗan guntun tsatsa, ta sake komawa. Can ya ji ɗan ƙas.

"Mai kai shida-shida ne, gajere?" ta tambaya.

"Shi ne."

Tunda tana ciki, sai ta ce ya ba ta sauran. Shi ya tsaya a gaba yana juya inji da sifana, ita tana ce masa ƙara kaɗan, ya isa, koma baya. Yatsunta sirara ne, suna shiga inda nasa ba sa shiga. In ta ɗaure iya ƙarfinta sai ya shigo ya ƙarasa matsewa, don wannan a hannu yake jin sa. Suna cikin haka maƙwabciyarsu Hajjo ta yi sallama, ta zo karɓar rigunan jikokinta. Ta tsaya tana kallon ƙafafu biyu masu lalle da suka fito daga ƙarƙashin mota.

"Malam, ina matar gidan?"

"Ga ta nan, Hajjo," muryar Zuwaira ta fito daga ƙasa. "Kayanki na kan tebur, cikin leda baƙa."

Daga ranar aikin ya zama nasu su biyu. Ita ta karanta masa launin wayoyi, ita ta ja bututun mai zuwa lagireto yana nuna mata inda za ta kauce wa zafi. Ya yi mata tsawa sau ɗaya, da ta juya noti baibai. Ta ajiye sifanar ta koma ɗakin ɗinki. Bayan la'asar ya je ƙofar ɗakin ya tsaya, ya ce ta yi haƙuri, ta ce ta ji, amma sai gobe.

Usaini ya dawo da furofela an rage ta an gyara mata zama. Suka ɗaura, suka sauke motar ƙasa, suka zuba jan man giya. Inji ya tashi bugu ɗaya. Ashafa ya ja sanda zuwa gaba, motar ta yi ƙugi ba ta motsa ba. Zuwaira ta kalli fuskarsa.

"Kwanbata ce ta shanye man," ya ce. "Ƙara mata."

Aka ƙara. Ya sake ja, motar ta ɗan zabura ta gangara zuwa ƙofar gida. Ya taka birki, ya buɗe ƙofa ya fito, ya zaga ɗaya ɓangaren ya zauna.

A wani fili bayan masana'antun fata na Challawa ta koyi tuƙi, ranakun hutu, lokacin da manyan motoci ba sa yawa. Warin jima na shigowa ta taga, ba ta damu ba. Ƙafarta ta dama ta saba da fedar keken ɗinki, ba ta fizgar totur. Abin da ya ba ta wuya baya-baya ne, da faɗin motar. Usaini ne ya fi zama a gefenta, Ashafa a baya, don shi ba ya hango abin da ke tahowa daga gefe. Da ta samu lasisi suka fita babbar hanya, a nan suka gane giya ta huɗu ba ta shiga. Inji sai ya yi ta kuka kamar ana matsa masa. Suka koma gida suka bi wayar da ke kai mata wuta, Zuwaira ta gano inda ta zame daga mazauninta a gindin sandar giya.

Washegari suka hau titin Zariya su biyu. Sun wuce Na'ibawa hanya ta buɗe, ya ce ta ƙara wuta kaɗan, ta riƙe a haka. Motar ta ɗan numfasa, ƙarar injin ta faɗi ƙasa, har suna jin iska a jikin gilashi.

"Mutuwa ta yi?" Zuwaira ta tambaya, hannunta ya ƙanƙame sitiyari.

"A'a. Ta huɗun ce ta shiga."

Suka yi tafiya mai nisa, sannan ta nemi wurin juyawa.

Kafin shekara ta zagayo kamfani ya mayar da Ashafa sito, inda ba a buƙatar ido sosai. Ita ke kai shi asibiti, wani lokacin har aiki. Abin da bai yi tsammani ba shi ne yadda motar ta shiga sana'arta. Da ta samu abin hawa sai ta karɓi ɗinkin wata makaranta a Dorayi, ta ɗauki mata biyu suna taya ta, yadi kuma da kanta take ɗaukowa daga Kantin Kwari.

Wata Asabar ya shirya tsaf, ya sa hula, zai je Bompai wajen Usaini. Ya fito ya tarar kujerar baya cike da riguna shuɗɗa, har kan ta gaba.

"Malam, ai na gaya maka yau zan kai kaya. Shugabar makarantar tana jirana."

"Ba ki gaya min ba."

"Na gaya maka, kana jin rediyo."

Ya tsaya riƙe da murfin ƙofa, ransa ya ɗan sosu. Ya yi tunanin ya koma ciki ya cire hular. Zuwaira ta riga ta fara kwashe rigunan da ke kujerar gaba tana tara su wuri ɗaya.

"Shigo ka riƙe min waɗannan a cinya, kada su yamutse. In mun sauke sai mu wuce Bompai."

Ya shiga, ta ɗora masa su har ƙirji, suna ƙanshin guga. Ta duba madubi, ta ja sanda zuwa baya.

"Akwai akuyar Hajjo a bakin ƙofa," ta ce. "Bari ta wuce tukuna."