Akwatin Sauti Mai Gefe Ɗaya

Sunana na yanka ma an manta da shi. Mai Kunne ake ce mini, kuma ba gadon sunan na yi ba, da kunnen na samo shi. Tun ina saurayi nake ba da hayar lasifika a wuraren taro. Ban taɓa zama a aji ba, amma in amfilifaya ta fara ciwo ina ji tun kafin ta yi tari. Daga tsallaken titi nakan ce wa mai taro wayarka ta hagu ta kwance, a je a duba a tarar haka ne. Wutar lantarki ta taɓa jefo ni daga kan fal, na tashi na karkaɗe riga na ƙarasa ɗaurin. Mota ta kife da ni da lasifikoki, lasifikokin suka mutu, ni na fito da ƙafata. Abokan sana'ata duk sun kwanta dama, ga ni nan. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da abin ya faru da shi.

Auta, 'yata ta ƙarshe, ita ta sayo sabuwar kwamfuta, saboda kaset-kaset ɗina. Duk taron da na yi wa sauti sai na naɗa a kaset, sun cika kwalaye a ƙarƙashin gado, zaren wasu har ya fara mannewa. Ta ce a juye su cikin kwamfuta kafin su lalace. To sabuwar kwamfutar ba ta da ramin da za a soka wayar rediyo, shi ya sa ta haɗo da wata 'yar baƙar akwati da ba ta cika tafin hannu ba. Waya ɗaya ta fito daga rediyon kaset ta shiga akwatin, wata ta fita daga akwatin ta shiga ramin USB na kwamfuta. Aikinta kawai ta karɓi sauti ta mayar da shi abin da kwamfuta ke ganewa.

Da hantsi muka baje kaya a teburin falo. Kwamfuta ta yi kamar ba ta san an soka mata komai ba. Auta ta canza rami, 'yar fitilar akwatin ta kama, amma shiru. Ta ce sai an sauko da direba. Na tambaye ta direban wace mota, kuma wa ya ɗora shi sama. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wani ɗan umarni ne da ke koya wa kwamfuta yadda za ta gaisa da akwatin. Direba ya sauka, sauti ya fito, sai dai ta 'yar lasifikar kwamfutar, siriri kamar kukan sauro. Ta shiga wani lungu a allo ta zaɓi akwatin, sannan ta soka mata abin saurare mai kunne biyu, irin wanda ake ɗorawa a ka, ta miƙo mini. Ni dama ban taɓa yarda da wannan abin ba. Sautin fili na sani, wanda ke dukan ƙirji. Amma na ɗora.

Gefen dama ya cika tam. Gefen hagu babu komai.

Na gaya mata akwatin nan gefe ɗaya take bayarwa. Ta karɓa ta saka, ta ɗan jima, ta cire, ba ta kalle ni ba.

"Baba, ko mu bar shi haka? Ai ana ji."

Babu kalmar da na tsana a sana'ata kamar "ai ana ji". Maganar ragwaye ce. Na canza kaset, na goge kan rediyon da auduga, na yanke wayar na sake like ta da darma yadda na saba. Hagu shiru. Na ɗauko sukudireba, na ce wa Auta wannan direban dai na san shi, na kwance cikin akwatin. Ban ga komai ba sai wani ɗan faranti kore da ko ƙusa ba ta da wurin zama a kansa. Na mayar da murfin a karkace, na zuba komai a leda, na ce ta nuna mini shagon da aka cuce ta. Ta roƙe ni in bari sai gobe. Na riga ta fita.

Shagon yana cikin layin masu gyara, kusa da rumfar Mai Agogo, tsohon abokina da muka yi shekaru muna zagin juna. Mai shagon mace ce, Injiniya suke ce mata. Tun daga bakin ƙofa na ɗaga murya, kun san muryar wanda ya rayu cikin lasifika, na ce a nan ne ake sayar wa 'ya'yan mutane jabun kaya. Kafin in rufe baki an taru.

Ba ta yi musu da ni ba. Ta ba ni kujera, ta ce Baba zauna mu gani. Ta canza waya, na ce hagu shiru. Ta kai akwatin wata kwamfutar, na ce shiru. Ta fasa sabon kwali ta ciro wata akwatin fil, ta haɗa, na ce ita ma uwarsu ɗaya. Sai ta juyo allon ta nuna mini wasu sanduna biyu kore suna tsalle tare, ta ce wannan hagu ne, wannan dama, duka suna aiki. Na ce allo yana iya ƙarya, kunnena bai taɓa yi ba. Na ba su labarin fal, na ba su labarin motar da ta kife. Mai Agogo ya leƙo da gilashinsa a goshi ya ce shi dai in Mai Kunne ya ce babu, to babu, ko da kuwa tsohon banza ne. Mutane suka gyaɗa kai. Wani mutum da ke riƙe da kayan da zai saya ya ajiye su a kan kanta ya fita. Na ga Injiniya ta bi shi da kallo.

Sai ta zagayo, ta ɗage abin sauraren daga kaina, ta juya shi, ta mayar. Ta sunkuyo ta gefen dama ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, na juya shi. In laifin kayan ne, yanzu shirun zai koma dama."

Na jira ya koma. Na ƙara jira. Sauti yana nan a dama, cike tam, shirun kuma bai motsa daga inda yake ba.

Na zame abin a hankali. Na kai yatsa na toshe kunnen dama, kamar mai sosawa. Layin gaba ɗaya ya ɗauke: injin mai walda, hon ɗin motoci, surutun mutanen da na tara da bakina, duk sai bakuna ke motsi. Na taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ina jiran a ɗaga ta, amma ban ji nauyi irin na wannan kujerar ba.

Injiniya ta koma tana naɗe waya. Ta bar mini zaɓi ke nan. Da na ce shirun ya koma dama, babu wanda zai ƙaryata ni a layin nan, ita kuma sunan shagonta ya tafi. Auta tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon takalminta.

Mai Agogo ya ce, "To yaya, tsoho, me ka ji?"

Muryar da ke cika fili sai da na nemo ta. "Akwatin lafiyarta ƙalau," na ce. "Kunnen ne. Na hagu."

Ya fashe da dariya yana zaton wasa nake, sai ya kalli fuskata ya haɗiye sauran. Da ma ya ƙarasa dariyar, da ta fi mini sauƙi. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Na roƙi Mai Agogo ya bi mutumin da ya ajiye kaya ya gaya masa shagon ba shi da laifi. Ya bi, bai same shi ba. Na ba Injiniya haƙuri ina kallon kanta. Ta ce ba komai Baba, ta gyara murfin da na karkata, ta ce in daure in je a duba kunnen, wani lokacin ana samun dabara.

A hanyar gida Auta tana gefen haguna, sai ta rage tafiya ta zagaya ta bayana ta dawo dama. A nan na tuna kullum haka take yi. Na tuna kujerata ta falo da aka matsar da ita jikin bango ba tare da an gaya mini dalili ba, da yadda duk mai son magana da ni a gidan yake zama a gefe ɗaya. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce an daɗe. Na tambaye ta ko kowa ya sani. Ta ce in kula da kwata.

Yanzu muna juye kaset ɗin, ni da ita. Akwatin tana aiki, sandunan kore suna tsalle. Kunnen da ya rage mini har gobe ya fi kunnuwan mutane da yawa, wannan ba fariya ba ce. Amma in muka zo wurin da na san na jera lasifika a hagu, sai in cire abin in miƙa mata in ce ta gaya mini me ake yi a can.

Na yi zaton za a daina kirana da sunan. Ba a daina ba. Mai Agogo ya ce ai yanzu ne ma sunan ya zauna daidai, tunda tun farko Mai Kunne aka ce, ba a ce Mai Kunnuwa ba. Shekara da shekaru bai taɓa faɗar magana na kasa ramawa ba. Wannan har yau ban samo amsarta ba.